Rahibin da Ya Kyautar da Dokin Sarki, da Malamanmu da Ba Mu Rubuta Ba



Ku ɗauko ɗaya daga cikin ƙananan littattafan tarihin malamai da ake ƙaddamarwa a garuruwanmu, ku goge sunan malamin da na garinsu, ku sa na wani malamin daban. In dai irin waɗanda ake bazawa a bakin masallacin Juma'a ne, babu abin da zai lalace. An haife shi a gidan ilimi da tarbiyya. Ya sauke Alƙur'ani tun yana ƙarami. Ya yi karatu a wurin manyan malamai. Mutum ne mai haƙuri da kyauta da zumunci. Ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, ya bar mata da 'ya'ya da jikoki da dama. Shi ke nan, sai hotunan manyan baƙi. Riga ce ɗinkin kasuwa, kowa ya sa ta yi masa, don haka ba ta kowa ba ce. Ra'ayina shi ne irin wannan rubutu, duk da kyakkyawar niyyar masu yin sa, binne malamin yake yi karo na biyu. Kuma zan kafa hujja da rayuwar wani mutum da ba addininmu ɗaya da shi ba, mu mafi yawan 'yan wannan zaure, ba ƙasarmu ɗaya ba, wanda ya rasu shekara fiye da 1,370 da suka wuce.

Sunansa Aidan. Mutumin Ailan ne, rahibi, wato irin mutanen nan na Kirista da ke barin aure da dukiya su tare a gida ɗaya don ibada da karatu, kamar Bahira da muka sani a sira. Yana zaune a gidan rahibai na tsibirin Iona, a yammacin Sikotilan. A wajajen 635, lokacin da Sayyidina Umar ke halifanci a Madina, Sarki Oswald na Northumbria da ke arewacin Ingila ya aika Iona yana neman wanda zai koya wa mutanensa addini. Wanda aka fara aikawa mutum ne mai tsanani. Bai jima ba ya koma gida yana cewa mutanen nan masu taurin kai ne, ba sa koyuwa. A taron da aka yi don jin bahasinsa Aidan ya nuna masa cewa shi ne ya tsananta, ya ba jarirai abincin manya alhali nono ya kamata ya fara ba su. Sai dattawan suka ce to, tunda kai ka ga matsalar, kai za ka je. Aka naɗa shi bishop aka tura shi.

Ya kafa mazauninsa a Lindisfarne, wani ɗan tsibiri da ruwan teku ke raba shi da tudu sau biyu kullum, in ruwa ya janye a taka da ƙafa. Nan ya zama bishop kuma uban gidan rahibai. Da farko bai iya harshen mutanen ƙasar sosai ba, don haka sarki da kansa, wanda ya koyi harshen su Aidan lokacin da yake gudun hijira, shi ke tsayawa yana yi masa tafinta a gaban hakimai. A ƙasa yake yawo ƙauye-ƙauye, duk wanda ya haɗu da shi a hanya, talaka ko attajiri, sai ya tsaya ya yi masa magana. Masu rakiyarsa ba a barin su tafiya baki sake, dole kowa ya riƙa bitar littafi ko haddar Zabura. In masu mulki suka ba shi kuɗi, ko ya raba wa matalauta ko ya fanshi bayi, wasu daga cikin bayin ma ya koyar da su har suka zama limaman coci. In sarki ya gayyace shi cin abinci, sai ya ɗan taɓa ya tashi da sauri ya koma karatunsa.

Labarin da na fi so shi ne na doki. Wani sarkin, Oswine, ya ga dattijo na wahala da tafiyar ƙasa, ya ba shi doki na gani na faɗa da kayan sarauta a kansa, don ƙetare rafi ko tafiyar gaggawa. Ba a jima ba Aidan ya gamu da mabaraci, ya sauka ya miƙa masa dokin da sirdinsa da komai. Da labari ya kai fada, suna shirin shiga cin abinci, sarki ya yi masa ƙorafi: ashe babu ƙananan dawaki da wasu kayan da suka dace da mabarata, sai wanda ya zaɓa masa da hannunsa? Aidan ya mayar masa da tambaya, ko ɗan goɗiya ya fi masa daraja a kan wancan bawan Allah. Sarki bai ce komai ba. Ya tsaya bakin wuta yana jin ɗumi tare da mutanensa da suka dawo daga farauta, can sai ya kwance takobinsa ya miƙa wa bara, ya zo ya faɗi gaban dattijon yana neman gafara. Aka zauna cin abinci, sarki na ta fara'a, shi kuwa Aidan sai hawaye. Wani limami da ke kusa ya tambaye shi dalili da harshensu na gida wanda sarki ba ya ji, ya ce yana ganin wannan sarki ba zai daɗe ba, don bai taɓa ganin sarki mai ƙanƙan da kai haka ba. An kashe Oswine a watan Agusta na 651. Aidan ya bi shi cikin kwana goma sha biyu, ranar 31 ga watan, yana jingine da wani gungumen da ya tokare bangon coci.

Ku duba abin da ke cikin wannan labari. Akwai wutar da sarki ya tsaya a bakinta, akwai takobin da aka kwance, akwai harshen da aka sauya don kada mai gida ya ji. Da marubucin ya ce mana kawai Aidan mutum ne mai kyauta mai gudun duniya, da mun gyaɗa kai mun manta kafin la'asar. Amma yanzu kun san shi. In aka ba ku labarin wani bishop daban aka ce Aidan ne, za ku iya cewa a'a, wannan bai yi kama da halinsa ba. Wane malami ne a cikin littattafan ƙaddamarwarmu za ku iya yi wa wannan shaida?

Wanda ya rubuta duk wannan wani rahibi ne mai suna Bede, a littafinsa na tarihin cocin mutanen Ingila da ya kammala a 731. Bai taɓa ganin Aidan ba, don an haife shi shekara ashirin da 'yan kai bayan rasuwarsa. Tun yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan rahibai, kuma kusan duk rayuwarsa a Jarrow ya yi ta. Abin da ya yi shi ne tambaya. Ya aika wasiƙu, ya zauna da tsofaffi, har ya samu wani limami, Nothhelm, ya kwafo masa takardu daga ma'ajiyar Fafaroma a Roma. A gabatarwar littafin ya jera waɗanda ya samu labari daga gare su, yanki-yanki. Akwai wani labari na karama, cewa Aidan ya ba wani limami mai suna Utta mai a kwalba ya ce in guguwa ta taso musu a teku ya zuba, kuma aka yi hakan teku ta lafa. Bede bai ce "an ce" ba. Ya ce Cynimund ne ya gaya masa, limami a cocinsu wanda ya yarda da gaskiyarsa, shi kuma daga bakin Utta ya ji. Wane daga wane. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san sunan wannan abu. Nasa bai kai namu tsauri ba ko kusa, amma abin kunyar shi ne mu da muka gaji ilimin isnadi sukutum, mu ne muke cika shafi da "majiya mai tushe" da "kamar yadda dattawa suka tabbatar". Waɗanne dattawa? A wace unguwa? Sun gani ne ko su ma ji suka yi?

Sai babban abin da ya sa na zaɓi wannan mutum. Bede yana ƙaunar Aidan, amma yana ganin ya yi kuskure babba a addini. Mutanen Iona suna da lissafinsu na ranar bikin Ista, wanda ya saɓa wa na Roma, kuma Bede ɗan gani-kashe-nin lissafin Roma ne, har littattafai ya rubuta a kan ƙidayar lokaci. Kada ku ɗauka ƙaramar magana ce. Saɓanin ya kai ga wata shekarar Sarki Oswiu ya gama azuminsa yana shagalin biki, matarsa Eanflaed da mutanenta suna nan suna azumi, a gida ɗaya. Mu da muka san yadda ganin wata ke raba unguwa biyu, wasu na cin tuwon salla wasu na sahur, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sai a 664, a taron Whitby, aka yanke hukunci aka bi Roma, shekara goma sha uku bayan rasuwar Aidan.

To me Bede ya yi da wannan? Hanya biyu masu sauƙi suna gabansa. Ya iya ɓoye maganar don kada ya ɓata waliyyi, ya iya kuma yin watsi da mutumin gaba ɗaya a matsayin ɗan bidi'a. Bai bi ko ɗaya ba. Ya rubuta a fili cewa ba ya yabon wannan lissafi, yana ƙin sa ma, amma a matsayinsa na mai ba da tarihi da gaskiya dole ya faɗi abin yabo da ke ga mutumin, sannan ya jera su. Har uzuri ya nema masa, cewa ko dai bai san daidai ba ne, ko kuma girmama al'adar mutanensa ce ta hana shi sauyawa. Saboda ya faɗi inda suka rabu, na yarda da shi a inda ya yaba.

Na san abin da wasu ke shirin rubutawa a ƙasa: me ya kai mu Ingila neman darasi, kuma naman malamai ai guba ne. Na yarda da rabin maganar. Tonon asiri da cin mutuncin mamaci haramun ne kuma rashin tarbiyya ne, ba shi nake kira a yi ba. Amma faɗin matsayin da malami ya ɗauka a bainar jama'a, da wanda ya saɓa masa, da hujjar kowannensu, wannan ba gulma ba ce, kuma magabatanmu sun yi shi kafin mu. Babu wanda ya kai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo girmama Malam Jibrilu ɗan Umar, malaminsa ne, yabonsa a kansa sananne ne. Duk da haka Shehu bai bi shi a kan kafirta Musulmi saboda manyan zunubai ba, kuma bai yi shiru ba, ya rubuta saɓanin, har da littafi guda, Shifa'ul Galil, don warware abin da ya rikitar a maganganun malamin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno masu sukar jihadin kansa, ya bar mai karatu ya ji hujjar abokin hamayya kafin ya ba da amsa. Malam Abdullahi na Gwandu a Tazyinul Waraƙati ya faɗi yadda ransa ya ɓaci da son duniyar da ya gani a cikin jama'arsu, har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano. Waɗannan su ne mutanen da muke rantsuwa da sunansu. Da sun rubuta irin tarihin da muke rubutawa yau, da ba mu san komai a kansu ba sai cewa an haife su a gidan ilimi da tarbiyya.

Kuma mun ga abin da rashin rubutun ke jawowa. Je ka Katsina ka tambayi yaro wane ne Wali Ɗan Marina. Zai nuna maka maƙabartar da ke ɗauke da sunansa, inda aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010, wataƙila ya ba ka labarin nan da ake yi cewa a kabari aka haife shi, mai marina ya tsince shi. Amma yaya zaurensa yake, me yake fara karantar da ɗalibi, yaya yake da sarakunan zamaninsa a rana ta yau da kullum? Shi da almajirinsa Ɗan Masani a ƙarni na 17 suka rayu, shekara dubu bayan Aidan, sun bar rubuce-rubuce, amma abin da muke da shi na zamansu da mutane bai kai na wancan rahibin ba. Ba don sun gaza shi ba. Babu dai wanda ya zauna da almajiransu da alƙalami kafin ƙasa ta rufe su. Abin da muka sani game da alƙalin Katsina Aida Ahmad, wanda ake kira Ɗan Takum, kusan duk daga 'yan layukan da Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta ne a littafinsa na tarihin malaman Malikiyya. Mutum ɗaya ya damu ya rubuta, shi ya sa sunan ya iso mu da ɗan nama a jikinsa.

Game da karama kuwa, ban ce a cire ta ba. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya tara karamomin Shehu a Raudul Jinan, kuma masana tarihi har yau suna komawa gare shi, don a cikin labarin karama ake tsintar sunan gari da na mutane da yadda ake zama. Bede ma ya cika littafinsa da su, har da cewa gungumen nan da Aidan ya jingina da shi ya ƙi cin wuta sau biyu da coci ya ƙone. Mai karatu yana da 'yancin ya yarda ko ya ƙi. Haƙƙinsa a kanka shi ne ka gaya masa wanda ya faɗa maka.

Kada kuma a ɗauka ina cewa duk mutanen can haka suke rubutu. Wanda ya yi wa ɓangaren Roma magana a Whitby wani shugaban rahibai ne mai suna Wilfrid, wanda daga baya ya zama bishop, ya yi ta rigima da sarakuna, aka kore shi daga kujerarsa fiye da sau ɗaya, yana kai ƙara Roma. Almajirinsa Stephen ya rubuta tarihinsa, kuma a wurin Stephen duk wanda ya saɓa wa malam to hassada ce ko sharrin Shaiɗan. Kun san irin littafin, muna da su a kowane ɓangare. Bede shi ma ba tsakatsaki yake ba ɗari bisa ɗari, yana amfani da Aidan ne ya zungure malaman zamaninsa da yake ganin sun yi ƙiba sun kwanta. Bambancin shi ne ya nuna maka inda ya tsaya.

Yanzu mu dawo gida. A nan Tudun Wada aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, a nan Zariya Alhaji Abubakar Imam ya yi aikinsa, ya rasu a 1981. A ƙasar nan Malam Aliyu Namangi ya yi Imfiraji. Daga nan ka shiga cikin birni, ga Unguwar Kona ga Unguwar Juma, gidajen da aka shekara ɗaruruwa ana karatun zaure, garin su Malam Shitu ɗan Abdurra'ufu da Malam Umaru Wali. Waɗanda suka ga Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi da idonsu sun ƙare, tunda a 1920 Turawa suka sauke shi suka kai shi Lakwaja. Amma waɗanda suka ga Imam da Namangi suna nan, wasunsu a layinku suke. Haka almajiran malaman da suka yi zamani a shekarun 1960 zuwa 1980, lokacin rigimar ƙabalu da sadalu, lokacin da aka kafa Izala a Jos a 1978 aka shiga ja-in-ja da 'yan ɗariƙa. Malamin da ya rayu a wannan zamani a Zariya dole ya tsaya a wani wuri, ko ya zaɓi yin shiru, shirun ma matsayi ne. Littafin da ya tsallake wannan ya tsallake rabin mutumin. Ba na mantawa da 'yan uwanmu na Wusasa, su ma suna da dattawansu da tarihinsu tun zuwan Dakta Miller, kuma matsalar iri ɗaya ce. Haka malamai mata na cikin gidaje, waɗanda suka koya wa rabin unguwa Fatiha amma ko a littafin ƙaddamarwa ba sa samun layi.

Tazarar da ke tsakanin rasuwar Aidan da littafin Bede shekara 80 ce, shi ya sa sai ta bakin wani daga wani ya samu labari. Mu tazararmu ba ta kai haka ba, kuma muna da waya mai ɗaukar murya a aljihu. A ƙasar Zazzau ɗin nan Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a 1949 da 1950 tana rubuta maganarta da hannu, ga shi yau duk mai son sanin rayuwar matan Hausa ta wancan zamani sai ya bi ta kan tsohuwar nan.

Abin da ke kashe hirar shi ne tambayar. In ka ce wa dattijo "Baba, wane irin mutum ne Malam?", zai ba ka rigar nan ta kasuwa, don ita ce ladabi. Tambaye shi ƙarfe nawa Malam ke fitowa zaure. Wa ke shimfiɗa masa buzu. Bayan Ahalari da Ishmawi, Iziyya yake sa ɗalibi ko Risala. Da me yake ci da iyalinsa, noma ko ɗinki ko abin da aka kawo. Ranar da ya fi ganin ransa ya ɓaci, me aka yi. Ya taɓa mayar da kyautar wani babba? Ya taɓa cewa ban sani ba a gaban ɗalibai? A irin waɗannan tambayoyi ne doki ke fitowa. Ka rubuta sunan mai ba ka labari da ranar da wurin, da izininsa, ka kuma tambaye shi ko yana wurin ko ji ya yi. In mutum biyu sun saɓa, kawo su duka biyun.

Inda na san za a sha wuya shi ne iyalan malamin. Da Bede ya rubuta tarihin wani bishop na Lindisfarne, Cuthbert, wanda ya rasu a 687, sai da ya kai rubutun aka karanta wa dattawan gidan kwana biyu suna saurare kafin ya sake shi. Wannan ladabi ne mai kyau, kuma yana kama kurakurai. Ni ma ina ganin a kai wa magada su ji, su gyara suna da shekara da nasaba, su ƙara abin da aka manta. Amma in suka ce a cire babin da Malam ya yi saɓani da wane, alhali a kan mumbari aka yi shi kuma akwai kaset, a nan marubuci zai yi haƙuri ya ba su haƙuri. In abin ya gagara, gara a ajiye cikakken rubutun da muryoyin a wuri irin Gidan Arewa da ke Kaduna ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, a jira lokaci, da a buga rabinsa a kira shi tarihi.

Mai son ganin labarin Aidan da idonsa, yana cikin kashi na uku na littafin Bede, an fassara shi zuwa Turanci tuntuni kuma ana samun sa kyauta a intanet. Babi na 14 ne na dokin, na 17 kuma shi ne inda ya faɗi saɓaninsu.